Gubar barasa a Kano: sa'o'in da ke tsakanin faɗuwa da asibiti

Idan saurayi ya sha giya ya wuce kima har ya zube, maganar da aka fi ji a bakin abokansa ita ce, "Ku ƙyale shi ya yi barci, da safe zai wartsake." Sai a ciccibe shi a kai shi shago, a shimfiɗe shi rigingine a kan katifa, a jawo ƙofa, wani lokaci har a datse ta da kwaɗo ta waje don kada wani na cikin gida ya leƙo ya ga halin da yake ciki. Daga nan kowa ya kama gabansa. Sau da yawa da safen yakan tashi ɗin, da ciwon kai da tashin zuciya, shi ya sa maganar ta sami gindin zama. Amma akwai daren da ba a tashi, kuma ga wanda bai san abin da zai duba ba, daren nan biyu kamarsu ɗaya. Wannan halin shi likitoci ke kira gubar barasa: barasa ta yi yawa a jini har ta danne sassan ƙwaƙwalwar da ke riƙe da numfashi da bugun zuciya da ɗumin jiki.

Na san akwai mai cewa me ya haɗa Kano da wannan zance, garin da aka ƙaddamar da shari'ar Musulunci tun shekarar 2000, aka kafa Hukumar Hisba da doka a 2003, aka kuma hana sayar da giya da shanta a faɗin jihar a 2004. Amsar tana cikin aikin Hisbar kanta. A watan Nuwamba na 2013 katafila ta bi ta kan kwalaben giya 240,000 a bainar jama'a, a farkon 2022 kuwa adadin da aka farfasa a zama ɗaya ya haura miliyan uku. Ba a loda tirela da kaya a nufi garin da babu mai saye. Duk wanda ya san Kano kuma ya san ba mazauna Sabon Gari kaɗai ke sha ba. Akwai 'ya'yan cikin gari da ke tsallakawa bayan isha'i, akwai waɗanda ake kai wa har ɗakin otal, akwai ɗalibai, akwai magidanta masu mutunci a idon unguwa. Haramcin giya a fili yake, ayar Suratul Ma'ida ta rufe wannan ƙofa, ni ma ban zo buɗe ta ba. Abin da ya dame ni shi ne ran ɗan mutane da ke fita a bayan ƙofa rufaffiya, alhali da an san abin yi da an cece shi da yardar Allah.

Ɓoyo yana canza yadda ake sha. Wanda ke sha a garin da ba a hana ba yakan zauna da kwalba ɗaya ya daɗe yana kurɓa, ga nama ko farfesu a gabansa, ga mutane suna ganinsa. Ɗan Kanon da ke sha a ɓoye ba shi da wannan sararin. Sauri yake yi, yana so ya gama kafin a gan shi, ya isa gida kafin a rufe soro. Kwalbar giya babba ce, ba ta shiga aljihu, sai ya koma wa mai zafin, ta leda ko ta 'yar ƙaramar roba, wadda ake juyewa a gorar lemo a riƙe a majalisa ba wanda ya gane. Ga shi galibi cikin ba komai. Abu mai ƙarfi, an sha da gaggawa, a kan yunwa, a inda babu idon da zai lura: duk abin da ke kai mutum ga guba ya haɗu ke nan. Ban ce dokar ce ta yi laifi ba. Amma garin da ya hana giya ya ɗauki wani nauyi tare da hanin, wato sanin yadda zai yi da wanda ya karya dokar ya faɗi rai a hannun Allah.

Barasa ba ta jiran narkewa kamar sauran abinci. Kaɗan daga cikinta na shiga jini tun daga tumbi, mafi yawa kuma ta ƙaramin hanji, cikin 'yan mintuna ta isa ƙwaƙwalwa. Idan akwai abinci a ciki yakan tsare ta ta riƙa wucewa a hankali, idan babu kuwa hanya a buɗe take. Mai kawar da ita daga jini hanta ce, kusan ita kaɗai, kuma hanta tana da iyaka: abin da bai wuce giram 7 zuwa 10 na tsantsar barasa ba a sa'a guda ga babban mutum. Fitsari da gumi ba sa fitar da wani abin a zo a gani. Lamarin kamar kwatar unguwa ce a ruwan Agusta, faɗinta ɗaya ne ko yayyafi ake ko kamar da bakin ƙwarya, abin da ya fi ƙarfinta cikin gidaje yake malala.

A duba lissafin. Babbar kwalbar giya ta santilita 60 mai ƙarfin kashi 5 cikin 100 tana ɗauke da kimanin giram 24 na barasa, aikin sa'a biyu da rabi zuwa uku da rabi ke nan ga hanta. Masu zafin, irin su jin da wiski, suna kai kashi 40 cikin 100, rabin kwalbarsu ta santilita 75 ya kusa giram 120. Saurayi mai nauyin kilo 60 da ya kwankwaɗe wannan cikin ɗan lokaci bai ci komai ba, barasar jininsa na iya dosar giram 3 a kowace lita, tsakanin giram 3 da 4 ɗin nan kuwa a nan ake shiga dogon suma numfashi ya fara yankewa. Mace takan kai wannan mataki da abin da bai kai haka ba, don ruwan jikinta bai kai na namiji yawa ba. Haɗarin kuma ya fi kusa da wanda bai saba ba, irin siririn yaron da abokai suka zuga daren kammala jarrabawa ko a fatin biki, aka ce in ya isa namiji ya shanye a tashi ɗaya.

Abin da ya fi ruɗar mutane shi ne, mutum ya daina sha amma barasar ba ta daina shiga jininsa ba. Wadda ya haɗiya a ƙarshe tana nan a ciki, hanji na ci gaba da tsotse ta bayan ya zube. Saboda haka wanda aka kwantar ƙarfe sha ɗaya yana gunaguni yana ture hannun mutane, kafin sha biyu yana iya yin nisan da ba ya jin kira. Ajalin kuma ta hanyoyi sanannu yake zuwa. Numfashi ya yi ta raguwa har ya tsaya. Ko amai ya taso masa yana rigingine. Mai lafiya ko a cikin barci idan abu ya nufi hanyar iska zai ƙware ya yi tari ya farka, amma barasa tana kashe wannan kariyar, sai aman ya gangara huhu ba ihu ba motsi. Barasa kuma tana hana hanta sakin sukari cikin jini, sukari ya faɗi, jijjiga ta biyo baya, ƙwaƙwalwa ta taɓu. Sannan ga sanyi. Barasa na buɗe jijiyoyin fata, mashayi ya ji ɗumi alhali zafin jikinsa ne ke fita. A daren hunturun Disamba da Janairu, wanda aka yasar a kan siminti ko a bakin titi yana iya sandarewa kafin kiran assalatu.

To ta yaya za a bambance wanda ya bugu kawai da wanda ke gaɓar mutuwa? A fara da tashinsa. A kira sunansa da ƙarfi, a girgiza kafaɗarsa, a mintsine shi sosai. Mai barci zai buɗe ido, ya yi magana ko da shirme ce, ya ture hannunka. Wanda bai yi ko ɗaya ba, ko ya yi ɗan nishi ya koma, suma ya yi. Sai a ƙirga numfashinsa da agogon waya a hannu, minti guda cur. Babban mutum yana numfashi sau 12 zuwa 20 a minti. Idan bai kai 8 ba, ko ana samun tazarar daƙiƙa 10 ko fiye tsakanin wannan da wancan, an shiga haɗari. Minshari mai ƙarfi da kakari kada ya kwantar wa kowa da hankali, domin sau da yawa harshe ne ya koma baya ya toshe hanya, ko ruwa ya taru a maƙogwaro. A taɓa jikinsa a ji ko ya yi sanyi da danshi. A haska leɓɓansa da dasashinsa da harshensa da ƙasan farcensa, don mu baƙar fata a nan ake ganin canjinmu. Idan sun yi fari fat, ko toka-toka, ko sun soma shuɗi, iska ba ta isar jini. Haka amai ba tare da ya farka ba, da jijjiga kamar ta mai farfaɗiya, da sakin fitsari bai sani ba, da ruɗewar da bai san inda yake ba. Ba a jiran alamomin nan su taru. Rashin farkawa kaɗai, ko raguwar numfashi kaɗai, ya isa a nufi asibiti.

Kafin a sami abin hawa, abin da ya fi kowane amfani shi ne a juya shi ya kwanta a kan gefensa. A lanƙwasa gwiwar ƙafar da ke sama ta dafa ƙasa don kada ya mirgina, a sa hannunsa na sama a ƙarƙashin kumatunsa, a ɗan ɗaga haɓarsa, bakin ya karkata ƙasa yadda in amai ya zo zai zubo waje. A kwance masa maɓallin wuya da tazuge ko bel, a lulluɓe shi da bargo, wani kuma ya zauna a kansa yana kallon ƙirjinsa, kada a bar shi shi kaɗai ko na ɗan lokaci. A kira lambar gaggawa ta 112. Mu da ke garin nan dai mun san sau tari adaidaita sahu ko motar maƙwabci ta fi saurin samuwa, to a cikinta ma ta gefe za a kwantar da shi, kansa a cinyar wani, kada a jingine shi a zaune kai na lilo. Idan numfashi ya tsaya gaba ɗaya sai a mayar da shi rigingine a ƙasa mai tauri, a ɗora hannu bisa hannu a tsakiyar ƙirji a riƙa dannawa da ƙarfi, sau 100 zuwa 120 a minti, har taimako ya zo. A tafi da kwalbar ko ledar ko ragowar abin da ya sha. Asibitin Murtala da na Malam Aminu Kano da na Nassarawa duk suna da sashen gaggawa dare da rana.

Babu wata allurar da ke zare barasa daga jini. Abin da likitoci ke yi shi ne su riƙe mutum har hantarsa ta gama aikinta: su kare hanyar iska, su ba shi oksijin, su auna sukari su ƙara masa ta jijiya, su yi ƙarin ruwa, su ba da bitamin B1, in ta kama a ɗora shi a kan injin numfashi. Shi ya sa kiran mai kemis ko nas ɗin unguwa ya rataya ledar ruwa a ƙusa a cikin ɗaki ba ya wadatarwa, don ba rashin ruwa ne zai kashe shi ba. Mafi muni shi ne a ga yana fisge-fisge a ce a yi masa allurar barci ya natsu. Allurar nan da barasa wuri ɗaya suke dannewa a ƙwaƙwalwa, kuma an haɗa masa biyu ke nan.

Dabarunmu na gida su ne na fi so a tsaya a kansu, saboda masu yin su da zuciya ɗaya suke yi, ceto suke nema. Ruwan tsamiya ya yi suna a Kano wajen karya maye, haka lemon tsami. Manja da madara kuwa su ake rugawa a ɗauko duk lokacin da aka ce wani ya sha guba. Babu ɗaya daga cikinsu da ke rage barasar da ta riga ta shiga jini ko da ƙwayar zarra. Ga wanda ya suma kuwa, ɗura masa kowane irin abu a baki tura shi ne ga halaka, tunda ba ya iya haɗiya daidai, abin huhu zai nufa, manja a huhu kuma ciwo ne mai tsanani ko da an tsira a daren. Kofi ko shayi mai kauri ba ya gaggauta aikin hanta. Sheƙa masa bokitin ruwan sanyi ƙara masa sanyin da ke neman kashe shi ne. Zura yatsa a maƙogwaro ko ba da ruwan gishiri don ya yi amai kiran abin da ake gudu ne. Ɗaga shi a riƙa zagayawa da shi yakan ƙare da faɗuwa a fasa kai. Idan jijjiga ta kama shi kada a tura cokali a bakinsa, kada a danne shi. A janye abin da zai buge, in ta lafa a juya shi ta gefe. Wasu gidajen suna ganin jijjigar sai su ce aljanu ne, a fara hayaƙi a aika kiran mai ruƙiyya. Addu'a ba ta da lokacin da aka hana ta, amma a yi ta a cikin mota ana tafiya. Wanda idonsa biyu, yana zaune da kansa yana magana yana haɗiya, shi ne za a iya ba ruwa ya riƙa kurɓa kaɗan-kaɗan, shi ma ana lura da shi.

A Kano kuma da wuya a ce giya ce kaɗai a cikin wanda ya faɗi. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi a 2018 ya ƙiyasta masu ta'ammali da ƙwaya a jihar nan sun haura miliyan ɗaya, kashi 16 cikin 100 na 'yan shekara 15 zuwa 64, kuma ba a sa giya a wannan lissafin ba. A watan Mayu na shekarar ne gwamnatin tarayya ta hana sarrafa maganin tari mai kodin da shigo da shi, amma kodin bai ɓace daga unguwanni ba, haka tiramol, haka roci da sauran ƙwayoyin barci. Duk waɗannan suna rage numfashi, idan suka haɗu da barasa kuma kowanne ƙara wa ɗan'uwansa ƙarfi yake, har adadin da ɗaya ba zai kashe ba ya kashe in an gwama. Tiramol ga shi da tayar da jijjiga. Lemon ƙarin kuzari da ake gaurayawa da mai zafi yana ɓoye wa mutum yadda ya bugu, ya ci gaba da sha bayan jikinsa ya kai iyaka. A nan ne gaskiyar abokai ke da tsada. Akwai allurar da ake kira naloksan wadda ke warware kodin da danginsa cikin mintuna, ko da yake ba ta taɓa barasa. Likitan da aka ce wa "mu ma haka muka tsince shi" zai ɓata lokaci yana lalube, wanda aka gaya wa me aka sha, nawa, ƙarfe nawa, shi ya san inda zai dosa.

Akwai wata gubar dabam wadda ta fi wannan yaudara, ita ce ta metanol. Sinadari ne na masana'antu, ana sa shi a sifirit da fenti da makamantansu, a ido da hanci ba a raba shi da barasar da ake sha, ga shi da araha, shi ya sa marasa imani ke ƙara shi a ogogoro da giyar jabu don ta yi auki ta yi zafi. A watan Afrilu na 2015 mutum 18 aƙalla suka mutu a Ode-Irele ta jihar Ondo, aka yi ta cewa fushin abin bauta ne kafin bincike ya nuna metanol. A watan Yuni na shekarar kusan mutum 70 suka bi su a jihar Ribas. A Iran, inda giya haramun ce a doka kamar nan, sama da mutum 700 suka rasu cikin 'yan makonni a farkon 2020 bayan jita-jitar cewa barasa na maganin korona. Duk inda ake sayen abu a ɓoye, a jarka ko a robar da ba ta da takarda, wannan haɗarin yana nan. Kanawa ba su manta da Maris na 2021 ba, lokacin da ɗan tsami na jabu ya kwantar da ɗaruruwan mutane suna fitsarin jini, wasu suka riga mu gidan gaskiya. Wannan ba giya ba ce, amma ta hanya ɗaya suka shigo: sinadarin masana'anta a kasuwa ba mai tambayar asalinsa.

Yaudarar metanol ita ce jinkiri. Mutum ya sha, ya ɗan bugu, ya kwana, ya tashi kamar ba komai. Sai bayan sa'a 12 zuwa 24, wani lokaci fiye, hanta ta gama juya shi zuwa wani asid mai cin jijiyar ido da ƙwaƙwalwa. Daga nan ciwon kai, ciwon ciki, amai, numfashi mai zurfi da sauri, sai kuma alamar da ba a wasa da ita: gani ya koma hazo-hazo, ko haske ya riƙa damun ido. Abin da bai wuce mililita 10 na tsantsarsa ba yana iya makantarwa, mililita 30 yana iya kisa. Yana da magani idan an zo da wuri, har da wankin jini da injin wankin ƙoda irin wanda ake da shi a Asibitin Malam. Idan mutum ɗaya cikin waɗanda suka sha tare ya fara cewa ba ya gani sosai, dukkansu za su tafi asibiti, har da wanda ke jin garau. Iyaye mata ma su lura, sifirit ɗin da ake ajiyewa don cibiyar jariri da man tsabtace hannu da turaren fesawa duk a ɗaga su sama. Ƙaramin yaro kurɓi kaɗan ya isa ya kayar masa da sukari.

Duk wannan bayani ba zai yi amfani ba in ba a taɓa abin da ke sa a rufe ƙofar ba, wato tsoro. Abokai na tsoron a ce su suka ba shi, ko a kira musu Hisba ko 'yan sanda. Uwa na tsoron mahaifinsa ya ji, uba na tsoron abin da za a faɗa a masallacin unguwa, ana tunanin 'yan matan gidan da ba su yi aure ba. Ban raina wannan tsoron ba, na san nauyin sunan gida a garin nan. Amma a auna. Hukuncin mashayi a mazhabar Malikiyya bulala 80 ne, bayan an tabbatar a gaban alƙali, kuma sai ya wartsake. Shari'a ba ta yanke masa kisa ba, wanda ya bar shi ya shaƙe da amansa don gudun magana kuwa ya bari an zartar masa da abin da Allah bai hukunta ba. Kiyaye rai na cikin abubuwa biyar da malamai suka ce shari'a ta zo ta tsare. Ya zo a Bukhari cewa an sha kawo wani mutum gaban Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, saboda shan giya. Da wani ya la'ance shi sai Annabi ya hana, ya shaida cewa mutumin yana son Allah da Manzonsa. Mai rai shi ke tuba. Ta fuskar dokar ƙasa ma, sashe na 20 na Dokar Lafiya ta 2014 ya hana kowane asibiti ko ma'aikacin lafiya ƙin karɓar mai buƙatar taimakon gaggawa bisa kowane dalili, dokar kuma ta wajabta musu riƙe sirrin majiyyaci.

Ƙyamar da muke yi wa wanda muka ga ya zube tana cin waɗanda ba su taɓa ɗanɗana giya ba. Mai ciwon sukarin da sukarinsa ya faɗi yana tangaɗi yana magana a karkace. Mai shanyewar ɓarin jiki haka, wanda ya bugu a ka jini na taruwa a ƙwaƙwalwarsa haka. Sai a wuce su a bakin titi ana cewa ɗan maye ne. Ko wanda ake jin warin giyar a bakinsa ma, ai yana iya zama ya faɗi ya fasa kai ta ciki.

Maganar rigakafi, asalinta kada a sha, kuma wannan shi malamai ke faɗa kowace Juma'a. Abin da ya rage shi ne a haɗa wa'azin da ilimin ceto. Ina ganin da Hukumar Hisba da rundunar 'yan sanda za su fito fili su ce wanda ya kai sumamme asibiti ba za a bi shi da tuhuma a kan kai shi ɗin ba, da an rage gawar da ake wayar gari da ita a ɗaki a ce ciwon dare ɗaya ne. Jihohi da dama a Amurka sun yi doka irin wannan don dalili ɗaya. Dakarun Hisba da 'yan sintiri su ne ke fara cin karo da wanda ya bugu, ya kamata a koya musu kwantarwa ta gefe da ƙirga numfashi, a kuma kafa musu ƙa'ida cewa wanda ba ya farkawa asibiti ake kai shi kafin ofis. Masu adaidaita sahu da ma'aikatan otal da masu kula da ɗakunan kwanan ɗalibai su ma haka. Darasin ba ya cin sa'a guda. Hukumar NAFDAC ta cimma yarjejeniya da kamfanoni tun 2018 a daina zuba giya a leda da robobin da ba su kai mililita 200 ba, ta fara aiwatarwa a Fabrairun 2024, aka yi ta ja-in-ja da masu masana'antu. Kano na da dalilin mara wa wannan baya fiye da kowace jiha, don ledar nan ita ta fi dacewa da aljihun ɗan makaranta, ta kuɗi da ta ɓoyo. Wanda kuma ya san har yanzu bai iya dainawa ba, ina roƙonsa da girman Allah kada ya haɗa da ƙwaya, kada ya sha abin da bai san tushensa ba, kada ya kulle kansa shi kaɗai.

Saura wanda ya tsira ya ce ya tuba, ko iyaye suka ce yau sai ya daina. Idan mutum ya daɗe yana sha kullum, yankewa farat ɗaya ita ma tana da nata haɗarin, abin da mutane da yawa ba su sani ba ke nan. Ƙwaƙwalwar da ta saba da dannewar barasa takan yi tsalle idan aka janye ta. Cikin sa'a 6 zuwa 24 hannu ya fara karkarwa, gumi, faɗuwar gaba, rashin barci. Jijjiga na iya biyowa a kwana biyun farko. A kwana na biyu zuwa na huɗu wasu kan shiga ruɗewa mai tsanani da zazzaɓi da gane-gane, wannan kuwa yana kisa idan ba a kula ba. A daidai lokacin ne ake cewa ya haukace ko an yi masa asiri, a ɗaure shi a ɗaki ko a kai shi gidan mari. Wurinsa asibiti ne, sashen masu lalurar ƙwaƙwalwa na Asibitin Malam Aminu Kano ko asibitin Dawanau, inda za a ba shi magani ana rage masa a hankali cikin 'yan kwanaki, a duba hantarsa, sannan a ɗora shi a kan zaman shawarwari tare da iyalinsa.